Koramar da Ba Ta Cikin Taswira

Mushe Hankurau ya shimfiɗa taswira bisa tebur,
ya ce, nuna mini ita.
Na bi da yatsa daga Ɗan Isa har Madarumfa,
gulbi kaɗai aka zana, siririn shuɗin zare.
Na ce, to, sa takalminka.

Mafarinta ba abin kallo ba ne.
Wani kwari ne bayan gonar Nomau,
inda jar ƙasa ta tsage kamar faso,
ƙarƙashin gawon nan mai gardama
da ke tuɓe ganye ranar da kowa ke tsiro.
Nan ruwan jigawa uku ke gamuwa,
su yi shawara, su gangara yamma.

Ba ta san miƙe hanya ba.
Ta ci karo da fako, ta kauce,
ta ratsa sabara, ta sunkuya wa kalgo,
ta ciji gefen gonar kawuna
taki ɗaya kowace damina.
Shari'arsu ta fi shekara ashirin,
har yau ba ta amsa kira ba.

Ga maƙoshinta, inda ta ƙuntata.
A nan ta ƙwace wa Cima jar akuya,
ta mayar da igiyar bayan kwana biyu.
Cima ta zage ta har uwa,
amma da rani ya ƙone rijiyoyi
ita ce kan gwiwa cikin yashi,
hannu har hammata,
tana jiran idon ruwa ya buɗe cikin ƙwarya.

Ƙasa kaɗan sai ta saki jiki.
Masu tubali sun huda mata ciki,
masu zogala da tumatir sun ja mata kunne,
goruba na tsaye tana ƙirga su.

Sai gulbi.
Jan ruwanta ya bi gefen nasa mai toka,
kamar jifa biyu ba su gauraya ba,
daga nan ba ka sake jin labarinta.
Shi zai wuce Maraɗi, ya gai da Tibiri,
ya koma Najeriya ba takarda.

Mushe ya ce, kilomita nawa?
Na ce, daga hantsi zuwa azahar,
in ba ka tsaya gaisuwa ba.
Ya ce, sunanta?
Na ce, a tudu Ɓarauniya, a fadama Inna.

Ya lashi bakin fensir,
ya daɗe bai rubuta kome ba.