Layi Ɗaya a Jar Takarda

Hrefna ta shigo da kwali a ƙirji,
wani abu na karce shi ta ciki.
Ɗan lundi ne. Fitilun tashar Heimaey sun ruɗe shi,
ya zaci farin wata ne, ya faɗo bayan motar kifi.
Ta ce, "Kaka, da asuba za mu kai shi gaɓa."

Ni Ketill, da na shekara arba'in ina jan igiya,
na san wani da bai taɓa ganin fitila ba:
hakarl, kifin shak na ƙarƙashin ruwan ƙanƙara,
mai tafiyar hawainiya,
tsutsa rataye a ƙwayar idonsa, bai damu ba.

Littafin makarantarta ya ce wai dangi ne,
zuri'ar masu igiyar baya.
Daga nan aka raba gari.
Wancan guringuntsi zalla, babu ƙashi ko na rantsuwa,
wannan ƙashi mai rami, da fiffike,
da bakin da zai yi ja in ya girma, kamar an ƙunsa masa lalle.

Wannan ƙwai ɗaya tal a shekara, a rami cikin ciyawa.
Wancan, an ce, sai ya doshi ɗari da hamsin
kafin ya san mene ne haihuwa.

Ta ɗora yatsa a jar takarda ta karanta mini:
duk su biyun a layi ɗaya aka ajiye su,
"masu rauni".
Na yi dariya, sai tari ya ƙwace ta.
Rauni? Wanda na farke a shekarar aman wuta,
maza huɗu muka ja shi, har igiya ta ci tafina.
Namansa ya yi wata biyar a rumfa yana shan iska.
Ban tambayi shekarunsa ba.
Wataƙila ya girmi kakan kakana.

Da gari ya waye an auna ɗan tsuntsu,
giram ɗari uku, har da tsoronsa.
Ta riƙe shi hannu biyu, ta lilo sau uku, ta saki.
Yara suka yi tafi.

Ni kuwa ƙasa nake duba,
inda ruwan ya yi baƙi ƙirin.
Wa zai sa wancan a kwali?
Hrefna ta ja hannun rigata: "Kaka, ba ka gani ba?"
Na ce na gani.