Rabin Labari a Shagon Sosamma

Ni ba na sayen jaridar yau.
Ta jiya nake saye, kilo-kilo,
in yayyaga ta gida takwas,
in naɗe soyayyar ayaba.
Kowa da rabonsa ke nan:
ayaba biyu, shayi ɗaya, da guntun duniya.

Kwana tara ruwa bai ɗauke ba a Kozhikode.
Kwale-kwale a ɗaure, masunta a zaune,
bencina yana kuka da nauyinsu.

Velayudhan ya ɗaga tasa ga fitila.
Mai ya jiƙa ta, rubutun baya ya leƙo ta gaba.
"Masana sun gano cewa mai yawan barci..."
A nan hannuna ya yanke wa masana magana.
"Zai daɗe a duniya," in ji shi, ya miƙe ƙafa.
"Zai talauce," in ji matarsa daga bakin ƙofa,
ko laima ba ta rufe ba.

Moideenkutty tarihi ya samu:
wani sarki, ba suna, ba shekara,
an haƙo tulun kuɗinsa a gonar wani.
Gonar wa? Ayaba ta cinye sunan.
Ya ce kakansa ma ya binne wani abu a gindin kwakwa.
Aka ce bashi ne, Moidu, kada ka tona,
shi ba ya ruɓewa.
Dariya har da tari.

Albasa ta hau. Ta sauka? Ta hau.
Giwa ta shiga wani ƙauye, ta sha ruwan randa, ta yi gaba.
An rufe wata gada, ko kuwa an buɗe,
ƙarshen kalmar yana cikin aljihun wani direba.
Mu dai muna ta "ikon Allah",
muna hura shayi.

Bijoy, ɗan makaranta, ya karanta a hankali:
wai wani tauraron da muke gani ya daɗe da mutuwa,
haskensa ne bai ji labari ba, yake ta tafiya.
"Fanshona ke nan," in ji Velayudhan,
"yana hanya."

Tsoho Kunjappan, wanda likita ya raba da sukari,
ya ce in ƙara cokali ɗaya, likita ba ya nan.
Ya warware tasa yana murmushi,
don shi kullum wasan ƙwallo yake fata.

Rabin fuska ce.
Ido ɗaya, kunne ɗaya, gashin baki zuwa tsakiya.
A ƙasa: Ouseph, saba'in da huɗu,
jana'iza ƙarfe uku.
Ukun jiya.

Mun san kunnen nan, irin nasa ne.
Shekara talatin ba sa ga-maciji,
a kan bishiyar mangwaro ɗaya da ta ƙi zaɓar gefen katanga.
Mangwaron ma an sare, an yi shagon waya.

Bai ce uffan ba.
Ya share man da yatsa, man ya ƙara shiga.
Ya ninke takardar biyu, ya ninke huɗu,
ya sa a aljihun ƙirji.
Ya biya har da na sukarin da bai sha ba,
ya shiga ruwa, laimarsa na jingine da benci.

Na zazzage buhun gaba ɗaya ina neman ɗaya rabin.
Na samu farashin roba. Na samu amarya ba ango.
Ɗaya idon ya bi motar Wayanad tun safe,
rungume da ayabar wani.

Shiru ya yi tsawon tafasar tukunya.
Sai Bijoy ya juya tasa takardar,
ya ce, "Wai kifi yana barci?"
Masunta bakwai a kan benci,
amsa bakwai.
Na ɗauki laimar, na rataye ta inda zai gani.