Ƙarfe Uku na Dare

Takardar ta iso ran Litinin,
tsakanin ta kuɗin wuta da ta gas:
"Majalisar gari na gayyatar masu jinya a gida,
ku zo mu ji ta bakinku."
Na yi dariya har shayina ya zube.
Shekara tara, Greenock,
sai yau kika tuna ina da baki?

Taron na ƙarfe goma ne,
daidai lokacin wankan Hamish.
Ba wanda zan bar wa shi,
sai na sa masa rigar sanyi,
na tura kujerarsa mai taya muka gangara.
Ana yayyafi, kogin Clyde ya kwanta kamar dalma.
A bakinsa ya yi shekara talatin
yana haɗa haƙarƙarin jiragen ruwa da walda.
Yau cokali ya fi ƙarfin hannunsa,
jiya kuma da sunan ƙanwarsa marigayiya ya kira ni.

Wata yarinya mai fara'a, Eilidh,
ta manna takardu a bango:
motsa jiki ran Talata,
shayi da hira ran Alhamis,
lambar waya daga tara zuwa biyar.
Aka tafa. Ni ban tafa ba,
hannuna na goge masa haɓa.

Da aka zo kaina na ce:
"'Yata, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo,
nawa kuwa ƙarfe uku na dare yake zuba,
sa'ad da mutumin nan zai miƙe neman takalmin aiki,
wai an busa usur, ya makara.
Wa zan kira? Wayarku ta yi barci.
Kada a ce mini jaruma,
yabo bai taɓa ɗaga shi daga ƙasan banɗaki ba.
Dare ɗaya nake so a mako,
in kwanta kamar gawa, in tashi mutum."

Ɗakin ya yi tsit.
Can baya wani yaro, Struan,
da kayan makaranta a jikinsa,
ya ɗaga hannu a hankali:
"Ni ma darena ne. Mahaifiyata ce."
Sai wani dattijo ya ce nasa ma.
Ashe gari guda muke kwana a zaune,
kowa na zaton tagarsa kaɗai ke da haske.

Ba a yi mana alkawarin kome ba.
An ce kuɗi, an ce kwamiti.
Amma Eilidh ta ɓalle takardar Talata,
ta juya bayanta fari,
ta miƙo mini alƙalami
da kujerar da ke kusa da tata.

Ina cikin rubutu Hamish ya ja mini hannun riga,
ya ce, "Morven."
Sunana ne.
Sai da na ajiye alƙalamin tukuna.