Maƙeran Cikin Gwiwa

Hoton ƙashi ya fito fes.
Likita ya ɗaga shi ga hasken taga,
ya ce, "Malam Sallau, ƙashinka lafiya lau."
Baba ya sunkuyar da kai,
kamar wanda aka ƙaryata a gaban 'yarsa.

Ni kuwa na san ƙarar.
Kowace asuba in ya miƙe daga tahiya
gwiwar hagu kan ce ƙas,
sai ya dafa bango
kamar yana tambayarsa kwanan gida.

Shekara talatin da ɗaya yana tsugune a Panteka,
guduma a dama, lanƙwasasshen ƙarfe a hagu.
Murhu ya fita daga hannunsa,
ƙofar gida, baro, akwatin 'yan makaranta,
har kuɗin karatuna.
Ba wanda ya tambayi gwiwa nawa ne nata kason.

Aka zuƙo ruwan gaɓar da sirinji,
bai cika cokali ba, launin man gyaɗa.
Ya iso teburina a ɗakin gwaji
da lamba a jikin kwalba, babu suna.
Na sa safar hannu.
Hannun bai daina rawa ba.

Guringuntsi ba shi da baki.
Jini ba ya ratsa shi, jijiyar zafi ba ta san hanyarsa ba,
yana sauka a hankali kamar sabulun wanki,
ba ya kai ƙara.
Amma a cikin ƙwayoyinsa akwai wasu furotin
da ba a kiransu sai ranar wahala.
In nauyi ya murɗe wani, su kama shi,
su miƙar, su mayar da shi siffarsa,
su jira na gaba.
Na daɗe ina kallon adadinsu a takarda.
Sun yi yawa.
Shagon yana aikin dare.

Abin da ya tsinka min zuciya shi ne na bayan wannan.
In ƙwaya ta gaji ta fashe,
maƙeran nan kan zubo waje,
'yan sintirin jiki su gan su a bakin layi da tsakar dare,
guduma a hannu, ba su san fuskarsu ba.
Sai usur.
Wannan ya kira wancan, wancan ya tayar da unguwa,
a zo da zafi, a zo da kumburi,
a yi ta dukan gidan da aka zo karewa.
Duk wannan, hoto bai gani ba.
Hoto sai bango ya faɗi yake ba da shaida.

Da daddare a Tudun Wada, wuta ta ɗauke,
na yi masa bayani a hasken waya.
Ya yi shiru, yana murza gwiwar da tafin hannu.
Can ya ce, "Ashe har a ciki akwai 'yan Panteka.
Lantana, ana biyansu kuwa?"

Na ce a rage musu aiki, shi ne biyan.
A daina tsuguno, a taka zuwa masallaci, a rage tuwon dare.
Ya ce na ukun ne zalunci.

Ran Asabar na bi ta shagon.
Na tarar ya ƙera kujera,
ƙafa huɗu na ragowar bututu, ɗaya ta ɗan fi gajarta,
ya sa mata guntun taya.
Shekara talatin da ɗaya,
ita ce abu na farko da ya ƙera bai sayar ba.