Layi Tsakanin Suna Biyu

Ruwan la'asar ya sauko a Belem
kamar kullum, ba sallama.
Ina zaune bayan rumfar ƙanena,
ƙarnin kifi a hanci, biro a kunne,
suna goma sha shida a takarda.
Takwas za a ɗaga wa hannu ran Asabar,
takwas su koma gida da ƙanƙara a fuska.
Ni ce mai cewa wane da wane.

Shekara goma sha tara ina wannan sana'a.
Ana ce min, Valdirene, ai aikinki lissafi ne,
kilo saba'in da kilo saba'in,
mai naushi da mai kokawa.
Sai in yi dariya.
Sikeli tsoka yake aunawa,
bai taɓa auna kuɗin haya ba,
bai san wa ya kwana zaune a asibiti
yana yi wa 'yarsa fifita ba.

Ga Ubiratan, talatin da takwas,
kunnuwa sun dunƙule kamar citta.
Nasara ashirin, kaye tara.
In ya cafki ƙafarka, sai ka ga fitilun rufi,
in ya zagayo baya ya sa damtse a maƙogwaro,
ka tafa masa tun kana gane sunanka.
Amma ran Talata na gan shi zai hau bas:
gwiwar hagu sai da ta tsaya shawara
kafin ta bi ta dama.

Ga Cleiton, ɗan unguwar Guama,
ashirin da biyu, bayansa bai san ƙasa ba.
Ƙaurinsa bulala, gwiwar hannunsa gatari.
Sai dai turmi na uku baƙon gari ne gare shi,
bai taɓa zuwa ba,
kuma yana runtse ido in dama ta taso.
Ni kaɗai na lura, ina tsammani.

Josimar na fafe kifi yana yanke hukunci:
"Minti biyu! Shuri a haƙarƙari, a watse.
Karen bana ke maganin zomon bana."
Wata tsohuwa mai sayen jatan lande
ta ce, ba ta ko ɗago kai ba,
"Wanda ya riga ka kwana zai riga ka tashi.
Bari dai su kai jikin raga."
Aka sa giya biyu a tsakani.
Su hasashe suke, ba ya yi musu jini.

Mai shirya wasa ya kira da safe,
yana son yaron ya taka babban suna
ya hau jirgin Sao Paulo.
Ban ce e ba, ban ce a'a ba.
Da rana Ubiratan ya kira,
murya ƙasa-ƙasa, ina jin kukan injin ɗinki a bayansa:
"Ki ba ni yaron. Kada ki tausaya min,
tausayi ba ya biyan makaranta."

To wa nake ciyarwa da wa?

Ina da wani shafi a ƙarshen littafi
inda nake rubuta abin da na hango
in ninke, kada ido ya gani.
Na ƙirga bara: biyu cikin uku nake dacewa.
Na ukun nan shi ke sayar da tikiti,
shi ke hana ni barci.

Na rubuta: tsoho, shaƙa, turmi na uku,
in gwiwa ta yarda.
Na soke. Na sake rubutawa.

Ruwa ya tsagaita, angulaye sun dawo bakin kogi.
Josimar ya watsa bokiti a kan teburi.
Na ciro biro daga kunne,
na ja layi tsakanin sunan biyu.
Bai miƙe sosai ba.
Na bar shi haka.