Cokali Uku

Ranar Asabar, bayan La'asar,
na ɗauki mutum shida a bakin Tafkin Jabi:
wani Alhaji mai farin tabarau, matarsa, 'ya'ya uku,
da baƙuwarsu daga Zariya wadda ba ta taɓa hawa ruwa ba.
Na ɗaura wa kowa rigar kariya,
na ja igiya sau ɗaya, inji ya amsa.

Mun yi nisa, fitilun babban kanti sun fara kamawa a bayanmu,
sai ya yi tari.
Na san tarin nan, ba na mura ba ne.
Ya sake yi, ya ja numfashi kamar tsoho a kan tudu,
ya yi shiru.

Shirun tsakiyar tafki daban yake.
Kana jin ruwa yana lasar gefen jirgi,
kana jin hon ɗin motoci can wajen Utako.
Na ja igiya har kafaɗa ta ɗau zafi,
na matsa tiyo, na ja, na sake matsawa.
Baƙuwa ta fara salati ƙasa-ƙasa.
Autar Alhaji ta leƙo ta ce,
“Direba, barci ya yi?”

Da filafili ɗaya na dawo da su gaɓa,
Magariba ta riga mu isa.
Alhaji bai yi faɗa ba. Hannu kawai ya miƙo,
na ƙirga masa kuɗinsa cif.

Da safe Jatau makanike ya zo da gora wofi.
Ya zare tiyo, ya tsiyaya daga gindin tanki,
ya ɗaga gorar, ya sa rana a bayanta.
“Duba.”
Fetur a sama, launin shayin da ba madara,
a ƙasa kuma wani abu garau ya kwanta ya yi lamo,
tsakaninsu layi siriri kamar an ja da reza.
Bai fi cokali uku ba.

Na ce Barau ne,
yaron da ke sayar mini a jarka duk ranar da layin gidan mai ya yi tsawo.
Na rantse sai na nemo shi.
Jatau bai tanka ba. Ya kwance murfin tanki,
ya kifa mini a tafin hannu.
Robar ta bushe, ta dare kamar faso a diddige.
“Sai bango ya tsage,” ya ce,
bai ƙarasa ba, ya koma kan sifanarsa.

Tun bara na ga tsagin nan.
Na ce sai na biya kuɗin makarantar Sa'adatu,
na ce sai bayan Sallah,
na ce roba ce, ina za ta?
Damina kuwa ba ta ji zancena ba.
Yau ɗigo, jibi ɗigo,
ga tanki rabi yana gumi da asuba,
ruwa yana sauka ƙasa a hankali.
Ya fi mai nauyi, ya kuma fi shi haƙuri.

Shekara tara ina bisa ruwa.
Shi ke ɗauke da ni, shi ke ɗora tukunya a gidana.
Tafki guda a ƙarƙashina bai taɓa yi mini komai ba,
sai cokali ukun da na bar wa ƙofa.

Muka juye tanki, muka wanke kafireto,
Jatau ya hura ƙananan ramukan da bakinsa yana tofarwa.
Sabuwar matata, sabon murfi,
kuɗin ya ninka na robar sau goma sha.
Da na ja igiya, inji ya yi gyaran murya, ya kama.

Gorar tana nan ƙarƙashin kujerata,
layin bai goge ba, ko na girgiza sai ya dawo.
Ɗazu Barau ya wuce da jarkarsa a ka,
ya gaishe ni,
na amsa masa da fara'ar da ta ba shi mamaki.