Takalmi Biyu

Ranar Lahadi na gangara Bosomtwi
da jar motata mai ƙofa biyu,
injin na gurnani, ni ina jin kaina.
Tafkin na can ƙasa, kwance kamar faranti.
A kwana ta biyar na taka birki,
ƙafata ta nutse kamar cikin sakwara.
Ƙauri ya shigo ta taga.
Wata mai tallar kifi, kwando a ka,
ta tsallake lambatu, ta bar silifas ɗaya a titi.
Motar ta tsaya can gaba, jikin gefen tudu,
ba ni na tsayar da ita ba.

Litinin da safe na shiga Suame,
inda guduma ke amsa sallamar guduma.
Baba Isaka Mumuni ya cire taya,
ya shafa faifan birkin da babban yatsa.
Ƙarfen ya yi shuɗi, wuta ta lashe shi.
Ya ce, "Nawa ka kashe wa injin nan?"
Na faɗa. Ya ce, "Birki fa?"
Na dubi ƙasa, bakin mai ya jiƙe ta.

Muka tafi shagon Opoku, bayan masu walda.
Faifai uku ya shimfiɗa kan kwali.
Idona ya maƙale wa mai huji-huji,
wanda zai leƙo ta cikin taya yana ƙyalli
idan na faka a Aboabo da yamma.
Baba ya ce, "Kyansa na kallo ne.
Ka dafa shi a gangare,
ka faɗa kududdufin ruwan Kumasi,
tsaga ta tashi daga huji zuwa huji
kamar gulma a gidan haya."
Ya ɗaga mai zane, tsagi-tsagi a fuska:
"Wannan yana share ƙura da zafi.
Zai ci maka takalmi da wuri, ka sani.
Gara ya ci takalmi da ya ci mutum."

Sai takalman birki.
Na tangaran ba ya kuka, ba ya baƙanta taya,
ɗan gayu ne, na zuwa biki.
Na tsere kuwa sai ya ɗau zafi yake cizo,
da sanyin asuba a cunkoson Kejetia
sai ka sumbaci bayan tirotiro kafin ya farka.
Baba ya zaɓi na tsakiya, mai gaurayen ƙarfe,
ya auna shi a tafi, ya karce da farce,
ya karanta kwalin sau biyu don gudun jabu.
"Zai yi maka tsiwa da safe," in ji shi.
"Ka bar shi ya yi."

Opoku ya faɗi kuɗi da Turanci,
Baba ya rage da Asantanci,
ni na ƙirga da Hausa, ina zufa.
Sidin da na tara don sabon salansa,
wanda Asawase za ta ji daga nesa,
duk suka tafi, har da na man birki.

Da la'asar muka hau hanyar Offinso.
"Taka mai. Taka birki. Kar ka tsaya cak.
Sake." Sau goma.
Wai faifai da takalmi sai sun saba da juna,
sannu a hankali, kafin a ba su amana.

Yanzu tayata baƙa ce, kullum sai na wanke,
kuma ba mai waiwaye idan na wuce.
Silifas ɗin nan yana cikin but,
shuɗi, ƙafar hagu, an ɗinke maɗaurin da waya.
Lahadi zan sake gangarawa,
a giya ta biyu,
in tambayi masu kifi ko na wace ce.